Buhunan Incaji

Tabarma ɗaya, gidan sauro, buta, riga uku, rediyon da ba batir. Sai buhu ashirin, ba komai a ciki, an naɗe an ɗaure da igiya. Abin da Nu'uman ya ɗauko daga Daura ke nan. Buhunan ba nasa ba ne, amma su ne a kan cinyarsa, domin direba ya ce bayan mota ya cika.

Ba su yi nisa a hanyar Sandamu ba wayarsa ta yi ƙara, karo na uku tun daga tasha. Zailani ne, abokin aikinsa, yana neman makullin firji. Nu'uman ya ce ya duba ƙusar bayan ƙofa, inda makullin yake rataye tun shekara bakwai.

Shekara bakwai ɗin nan yana gwajin jini a wani ƙaramin asibiti a Daura, bai taɓa ɗaukar hutun shekara ba. Ba wanda ya hana shi. Ba a dai yi ne. A asibitin ana barin aiki don haihuwa, ko rasuwa, ko aikin Hajji. Hutun da doka ta ba ma'aikaci kuwa yana cikin fayil.

Watan jiya ya liƙa sunan wata mata a kwalbar jinin wata. Sai da matar ta fita da takardar sakamako ya gane. Ya bi ta har bakin titi, tana shirin hawa babur, ya karɓo. Ba wanda ya sani. Tun ranar yake duba kowace kwalba sau uku, kuma ko na ukun bai yarda da shi ba.

Ya cika fom ya kai wa shugabar asibitin, Hajiya Kubura, wadda kowa ke ce wa Incaji. A gurbin dalili ya rubuta: hutu.

Ta ɗago kai. "Malam Nu'uman, wa ya rasu?"

Ya ce ba kowa. Ta tambaya ko ciwo yake ɓoyewa, ya ce a'a. Zailani da ke tsaye a ƙofa ya ce ai can ƙasar wajen da aka taɓa tura Nu'uman karatu, har gajiya takarda ake cika mata. Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ce in ta aika wannan fom ɗin sakatariyar ƙaramar hukuma, cewa za su yi ma'aikata sun yi mata yawa. Ta tuna masa na ƙarshe da ya tafi hutu haka siddan, ya dawo ya tarar an mayar da shi Kongolam, can bakin iyaka.

"Rubuta abin da mutum zai karanta ya gane," in ji ta.

Ya karɓi sabon fom ya rubuta: roron wake a Sandamu. Nan take ta sa hannu. Ashe ita ma tana da gona a can. Ranar Juma'a ta aiko masa da buhunan, ta ce tunda yana wurin, ya haɗa da nata ya sa ido.

Da hantsi ya isa gidan mahaifinsa marigayi. Gwaggo Lami, ƙanwar mahaifin, tana tsince a tsakar gida. Ta dubi tabarmar, ta dube shi, ta ce yau Litinin ce fa.

"Korarka aka yi?"

"Hutu na ɗauka, Gwaggo."

"Hutu? Kai ɗan firamare ne?"

Sai idonta ya kai kan buhunan. Da ta ji na shugabarsa ne, fuskarta ta saki. Ta ce au, ashe aiki aka aiko shi, to alhamdu lillahi. Ta tashi ɗebo masa ruwa.

Ya share ɗakin mahaifinsa, ya kore gizo-gizo, ya shimfiɗa tabarma. Bai gama miƙe ƙafa ba aka yi sallama. Wani dogon mutum ne, ya ce shi ne Sama'ila, mai kula da gonar Hajiya. Ta riga ta kira shi. Mata masu roro za su fara gobe da sassafe. Bayan roro sai shanya, sai casa, sai ɗurawa, sai neman motar da za ta kai Daura. Ta ce Malam ne zai tsaya a kan komai.

"Ta ce kwana ashirin da ɗaya gare ka, Malam. Ya yi daidai, ko kwana ɗaya ba zai ragu ba."

Nu'uman ya daɗe yana kallon buhunan. Sannan ya ciro waya ya kira Hajiya, Sama'ila yana tsaye.

"Ranki ya daɗe, ba ni da gona a Sandamu. Ta Baba, yayyena sun raba ina makaranta. Ƙarya na rubuta."

"To me ka je yi?"

"Abin da na rubuta a fom na farko."

Ya gaya mata labarin kwalbar, da matar, da bakin titi. Bai rage komai ba. Sannan ta ce kada wannan magana ta fita. Ta tambaya to waken fa. Ya ce Sama'ila ya fi shi sanin wake.

"Ka san Kongolam suna neman mai gwaji," ta ce a hankali.

"Na sani, ranki ya daɗe."

Ya kashe wayar. Ya ɗauki ɗaurin buhunan ya miƙa wa Sama'ila, wanda ya karɓa yana dube-dube kamar mai neman shaida. Wayar kuma ya ba Gwaggo, ya ce ta sa a kwalla ta rufe.

Ta biyo shi har bakin ɗaki, kofin ruwa a hannunta. Ta ce mutane za su tambaya, me za ta ce musu?

Ya karɓi ruwan ya shanye, ya mayar mata da kofin. Ya shiga ya tura ƙofar. Ƙyauren ya kumbura tun damina, sai da ya sa kafaɗa.

"Ki ce barci nake yi," ya ce daga ciki. "Ba zan taɓa kwalbar kowa ba, ba zan taɓa buhun kowa ba, sai kwanakina sun cika."