Murfin Kwalba a Gaban Kobina

Shekara goma sha huɗu ke nan mijina Kobina yana tara abokansa a barandarmu ta Takoradi duk Lahadi bayan an tashi coci, a yi kartar poka. Su huɗu ne, ni ce ta biyar. Kafin kowa ya ga katinsa, wanda ke hagun mai rabo zai zuba sidi ɗaya, kuɗinmu na Ghana, na gaba da shi ya zuba biyu. Kobina ne ya koya mana wannan ƙa'ida, shi ne kuma ya fara manta ta.

Makon jiya sau uku yana zuba biyu a inda ɗaya ce tasa. Sau ɗaya ma ya zuba alhali ba layinsa ba ne. Aka yi dariya, ni ma na yi. Ba su san ranar Talata ya tsaya a ƙofar gidanmu yana tambayata ko nan ne gidan ba.

Don haka wannan Lahadin, da na ajiye musu dokunu, wato dafaffen ƙullun masara, da soyayyen kifi, sai na ɗora murfin kwalba a tsakiyar tebur.

"Yau sabon tsari," na ce. "Ba ƙaramin zubi, ba babba. Wanda murfin nan ke gabansa ya zuba uku shi kaɗai, sai murfin ya matsa gaba."

Mista Baidoo, tsohon malamin lissafi, ya zare tabarau. "Sista Araba, juyin mulki kika yi mana? Ai wasan zai lalace. Mutum ɗaya ne zai riƙa kare kuɗinsa, saura mu yi ta zubar da kati kamar ɓawon gyaɗa."

"Kai da ma zubarwar ce sana'arka," in ji Egya Ansah, mai gyaran injin kwalekwale. "Rabonka da shiga wasa tun ina da gashi."

Kobina ya yi dariya kawai. Da can da shi za a yi wannan gardamar har kifi ya huce.

Aka fara. Murfin ya bar gabana, ya bar gaban Ansah. Ko katina ban iya karantawa ba, idona na kan murfin. Da ya iso gaban Kobina, sai ya ɗauke shi, ya jujjuya, ya dube ni.

"Araba, wa ya bar shara a tebur?"

Duk muka dube shi.

Mista Baidoo ya buga tebur. "Murfi na gun Kobina, uku!" ya faɗa da ƙarfi, kamar yaron mota. Kobina ya zuba uku. Da murfin ya matsa gaban Paa Ekow, na huɗunsu, Baidoo ya sake ɗaga murya, "Murfi na gun Ekow, uku!" Haka ya yi wa kowa har aka tashi, har da kansa.

Ina wanke kwanuka Mista Baidoo ya leƙo kicin da hularsa a hannu.

"Kun ga likita?"

"Alhamis za mu je."

"Zan zo da mota ƙarfe bakwai."

Na gyaɗa kai, ruwa na zuba a hannuna. Daga baranda ina jin Kobina yana tsokanar Ansah a kan wata tsohuwar budurwarsa, har sunan unguwarsu ya tuna. Ni kuwa har yanzu ban gaya wa Kobina zancen Alhamis ba.