Ƙwaryar Badi'a

"Kafso nawa ka zuba?" in ji Baƙo daga kan gado.

Sallau tela ya dubi azarar ɗaki kamar yau aka jera ta. "Biyu."

"Sallau."

"Ukku. Amma ƙanana na."

Baƙo ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ɗiyarsa Latifa, wadda ta zo jinya daga Illela, ta leƙo ta harari Sallau.

Shekara talatin Baƙo ya yi a labo, ɗakin gwaje-gwaje na gidan likita, yana leƙen kashin mutanen Konni a madubin ganin ƙwayoyin cuta, har yakan ce ya san manyan garin ta inda ba su zato. Katanga ɗaya ta raba shi da Sallau, wanda shi kuma ya yi imani da kafso ja da rawaya na masu talla. In kansa ya sara, biyu. In mura ce, biyu. In matarsa Wasila ta yi masa faɗa, ɗaya.

"Cikinka gari na," Baƙo kan ce masa. "Akwai ɓarayi, irin mikrob na taifod da zawo, amma talakawan kirki sun hi yawa, su ka tsare ƙohwa. Kai ko kullum sai ka aika jandarma su kwashe kowa. Wa ka bari gadi?"

Sallau kan ce to, ya koma gida ya haɗiyi biyu don maganar ta sa masa ciwon kai.

Ita ƙwaryar nonon da Sallau ya zuba wa kafson ta marigayiya Badi'a ce, matar Baƙo. Da irin nonon da ke cikinta ta zo daga Dogarawa. Kullum a tafasa madara miyagun su mutu, a bari ta huce, a zuba ludayi guda na jiya, a rufe da faifai. Bayan rasuwarta Baƙo ya ci gaba, shekara tara ba fashi. Da ciwon zuciya ya kwantar da shi, babu abin da ke zama cikinsa sai wannan nono, ya kuwa damƙa wa Sallau ƙwaryar.

"Kiwo na ba ka," ya ce. "Rayayyu na."

Wasila ta ce a ba ta. Sallau ya ce ai amana ce ta maza. Rana ta uku aka yi zafin da ke narka kwalta, ya ji tsoron kada dabbobin Baƙo su kamu da cuta, ya ɓare kafso ya barbaɗa musu. Madara ta kwana tsululu, ta sake kwana, sannan ta yi warin da ya kori kaji daga tsakar gida.

Yanzu Baƙo ya share hawayen dariya. "Shekara talatin ina wa'azi, ashe sai da ƙwarya za ka gane." Sai ya dubi bango. "Shi kaɗai ya rage min nata."

Wannan ce ta fi dukan Sallau. Ya fita da ƙoƙo ya bi gidajen layi neman iri. Zahara'u mai fura ta ce nata irin na Filanin Malbaza ne, ta kuma tambaye shi ko yana yi wa akuya allura in ta yi atishawa. Kafin azahar labari ya riga shi kowace ƙofa.

Ya dawo ya zube a gindin keken ɗinki. Wasila ta fito daga ɗaki da wata 'yar ƙwarya, ta dire masa. Nono ne, fari, mai kauri.

"Wanga fa?"

"Ran da aka kawo ta na ɗebi ludayi guda."

"Don mi ba ki gaya min ba?"

"Malam, shekara ashirin da biyu ina aurenka."

Da gudu ya zagaya, takalmi ɗaya a ƙafa. Latifa ta ɗaga kan mahaifinta, aka ba shi cokali guda. Baƙo ya daɗe yana juya shi a baki.

"Nata na," ya ce. "Ka gaida Wasila. Kai kuma kar ka taɓa."

"Ko tahwasawa?"

"Tahwasa. Amma Wasila na tsaye a kanka."

Baƙo ya sha cokali huɗu ranar, washegari biyu. Ranar alhamis da hantsi ya cika, Latifa na yi masa fifita.

Da aka dawo daga maƙabarta, rana ta gasa wa Sallau kai. Ya laluba aljihu, ya ji kafso, ya fito da su ya ajiye can saman katanga, nesa da rumfa. Sannan ya wanke hannu har gwiwa, ya durƙusa ya ɗaga faifan ƙwaryar Badi'a. Madarar ta yi barci. Ya soka ludayi a tsakiya ya saki, ludayin ya tsaya.