Man Kaɗe a Kyamara

Andarawus mai hoto ya watsa hotuna shida a gaban maƙerar Illo, ɗaya ya faɗa cikin toka. Babu wanda ake gane komai a ciki, sai fari-fari da duhu-duhu kamar an leƙa ƙasan ruwan damina.

"Duba aikinka!"

Illo ya ajiye ƙugiyar kifin da yake lanƙwasawa, ya ɗauki hoto guda, ya juya shi sama da ƙasa. "Wanga mi ne ne?"

"Inna ce. Inna ce a kan kabarin babana."

Tun da aka tare ruwa a Kainji ƙauyensu ya nutse, Inna Marta ba ta ƙara ganin kabarin mijinta ba sai bana, da tafkin ya ja baya fiye da yadda aka saba, duwatsun kabarin suka fito. Kwana huɗu kafin su tafi ganin kabarin, wani ɗan ƙarfe mai kamar ƙafar fara ya karye a cikin tsohuwar kyamarar Andarawus, wanda ke motsa madubin saiti. Ba a sayar da irinsa a Yelwa, ko a Sakkwato. Illo ya yanke mariƙin cokalin tagulla, ya yi kwana uku yana goga shi har ya zauna daram.

"Ƙarfena bai yi ƙarya ba," in ji Illo. "A gabana ka leƙa, ka ce ya yi."

"Ya yi! Me ka shafa masa?"

"Man kaɗe mana. Kai ka taɓa ganin ƙarfen da za shi kan ruwa ya bar hannuna ba mai? Tsatsa ta cinye shi, ka dawo ka zage ni?"

Andarawus ya kwance gilashin kyamarar, ya miƙa masa har kusa da hanci. Bayansa ya yi danƙo, yana ƙyalli. Ranar da suka yini a kwalekwale man ya narke, ya gangaro. Shi kuwa ta 'yar tagar sama yake leƙawa, wadda ba ruwanta da gilashin, yana ganin Inna tar da zanenta na coci, hannunta a kan dutse.

"Kyamara ce wannan, Illo, ba mashin kifi ba!"

"To da ka faɗa mani, malam mai ilimi. Ka ce in yi ƙarfe, na yi ƙarfe. Ku koma ku sake ɗauka mana."

"A ina? Sati uku fim ɗin ya yi a Kwantagora wajen wanki. Jiya na je bakin tafki, ruwa ya hau har kan itatuwa."

Illo ya sunkuya. Ya ciro hoton da ya faɗa toka, ya goge da gefen rigarsa. Andarawus ya fizge abinsa, ya tattara sauran, ya yi gaba ba sallama.

A gida ya tarar Inna ta shimfiɗa tabarma, ta wanke hannu. Ya zaɓi hoton da ya fi duhu ya ba ta. Ta daɗe tana kallo, tana matso da shi, tana nesanta shi.

"Wanne ne kabarin, Andarawus?"

Akwai tabo biyu baƙaƙe a ƙasan hoton. Ɗaya kabarin ne, ɗaya inuwar mai kwalekwale. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya kasa bambance su. Ya ɗora yatsa a kan na dama.

"Ga shi, Inna."

Ta ture yatsansa, ta ɗora nata a wurin.