Ruwan Ƙashin Bayan Tsoho

Maccido direba ne, yana jigila tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi, kuma duk tasha an san aibinsa: in ya tabbata yana da gaskiya, ba ya iya riƙe ta shi kaɗai, sai ya tara mata jama'a.

Ƙanwarsa Hamida tana aure a Moriki. Mijinta Tsoho dillalin shanu ne, irin wanda zai kalli sa sau ɗaya ya faɗa maka garken da ya fito. Da damina ta faɗi ya fara manta sunayen 'ya'yansa. Kafin gero ya fid da kai yana tafiya yana tangaɗi, in an ajiye kwano da ƙarfi sai ya zabura. Ba a kai girbi ba bakinsa ya rufe. Dangi suka zauna, suka ga ruɗewar tsufa ba ta gudu haka, suka yanke cewa Hamida ce ta ba shi wani abu a fura. Gwadabe, yayan Tsoho, ya ce in ta Allah ta kasance, ita kaɗai za ta bar gidan, yara su zauna.

Maccido bai yi sallama da kowa ba, ya kwashi marar lafiya sai Sakkwato. An ɗebi jini, an yi hoton ƙwaƙwalwa. Likitar, wata mace mai magana a natse har tana ƙara wa Maccido haushi, ta ce duk cututtukan da ke jin magani an nema ba a gani ba. Saura abu guda: a zuƙi ruwan ƙashin baya, a daskarar, a aika ƙasar waje. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da kan lanƙwashe, ya bi 'yan'uwansa yana lanƙwasawa. A can za a ɗiga ruwan cikin lafiyayyen sinadari a yi ta jijjigawa, in ya ɓata shi, to cutar ce.

"Tana da magani?"

"Babu."

"A yi," in ji Maccido. "Ni shaida nika nema."

Tsoho bai jira sakamako ba. Hamida ta shiga takaba, matan gida suka daina cin abin da ta taɓa, Gwadabe kuma ya samu ƙarin magana: an tsotse wa ƙanensa ruwan jiki a asibiti.

Ranar da likita ta kira, Maccido ya sauke fasinjojinsa a hanya suna zaginsa, ya juya Moriki. Ya tsare ƙofar masallaci bayan la'asar, bai bar ko mai tallan rake ya wuce ba. Ya kira likitar, ya buɗe muryar waya, ya ɗaga sama.

"Likita, ga su nan, su masana. Gaya musu!"

Ta ce gwaji ya nuna cutar da ake zato. Cuta ce sananniya, ko da yake ba ta da yawa, kuma haka take cin mutum cikin 'yan watanni.

"Kun ji ko? Cuta! Ku da kunka ɓata sunan ɗiyar mutane, yanzu ina bakinku?"

Gwadabe ya gama jan carbinsa tukuna, sannan ya matso.

"Sannu da aiki, likita. Gado ce?"

"Ba mu ga alamar haka a gidanku ba, Alhaji."

"To mi ka kawo ta?"

"Galibi haka nan take tasowa. Har yanzu ba a san dalili ba."

"Ki ce musu ba a dama ta cikin fura!" Maccido ya daka wa wayar tsawa.

"Ba mutum ne ya sa masa ita ba," in ji likita.

"Ikon Allah," in ji Gwadabe. "Ba ki san mai kawo ta ba, amma kin san wanda bai kawo ta ba." Ya juya ga jama'a. "Da can zargi mukai. Yanzu ga Turai ta duba, ta ce lallai akwai abu cikin kainai."

Mutane suka shiga gyaɗa kai. Likita tana ta bayani a sama, babu mai saurare. Maccido ya yi zagin da ya sa liman ya nemi takalmansa.

Ranar da Hamida ta fita takaba, ya je da babbar motarsa, ya share kujerun baya tas saboda yara. Ita kaɗai ya ɗauko.