Kumatun Munzali

Munzali yana kokawa da maɓallin wuyan rigar gadinsa, Gariba, abokin ɗakinsa a Sanaiya, unguwar leburori a ƙasar Katar, ya ɗora daga inda ya tsaya jiya. Wai tun da aka cire takunkumin korona asirin Munzali ya tonu: ga kumatu, ga tozo a ƙeya, lallai ragowar abincin otal ɗin Lusail yake narka shi kaɗai. Gariba dai masanin komai ne. Shi ya yanke cewa tarin Munzali guntun korona ne, ya rubuta masa citta da lemon tsami.

Da rana a asibiti, likita ya gama Turancinsa ya fita. Wata nas 'yar Jos mai suna Jael ta maimaita masa da Hausa. Cutar kansa ce a huhu. Ita ke fitar da wani sinadari da ke zuga wasu 'yan ƙullutai a saman ƙoda, har sun kumbura suna ta ambaliya, abin da ya hura masa fuska ke nan.

"Ba ƙiba ba ce, ɗan'uwa," in ji ta. "Ka gaya wa gida yau."

Tsoro ya kama shi sosai. A tashar bas, cikin 'yan kallon kofin duniya masu busa ƙaho, ya shirya maganar da zai faɗa wa Inna, ya kira ta bidiyo.

Yayansa Surajo ne ya ɗauka, mutumin da bai taɓa tambayar kowa ya jiki ba. Ko sallama bai gama amsawa ba ya tara gida, har da maƙwabta, a zo a ga yadda Katar ke kiwon mutum. Sai da ya gama baje kolinsa ya miƙa wa Inna wayar.

Ta daɗe tana kallon ɗan da ta raina ana ce masa tsinke. Idonta ya ciko.

"Munzali, tun da na haife ka ban taɓa ganinka da lafiya kamar yau ba."

Ya buɗe baki, tari ya taso. Ya datse leɓe ya riƙe shi, fuskar ta ƙara cika.

"Ku duba," in ji Surajo, "har hura mana kumatun yake."

Gida ya ɗauki dariya, har da Inna.