Badon Hansatu

Daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu bai sake ni ba.

Na gan ni tsugune a bakin ɗan kwarin da ke bayan ɗakina, inda ruwan alwala yake taruwa. A nan matata Hansatu, Allah ya jiƙanta, ta dasa bado, saiwar da ta ɗauko daga tafkin garinsu kafin a cike shi a gina shaguna. Abin da ya rage mini nata ke nan. Mai gidan da nake haya, Alhaji Mamuda, ya daɗe yana cewa sauro nake tara masa, sai ya shafe wurin da siminti.

Sai aka soma ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana tafiya sama. Ina kallo kwarin ya ƙafe, farin furen ya sunkuyar da kai. Na tuge shi na sa a hula, na tafi neman danshi.

Ofishin danshi wata akuya ce ke riƙe da shi. Tana kan kujera mai juyawa, tana tuƙa.

"Ranki ya daɗe, danshi nake nema, ko kamar tafin hannu ne."

"Na wa?"

"Na furen matata."

Ta leƙa hular, ta haɗiyi yawu. "Baba, mu nan sai abu ya bushe muke ba shi danshi. Ka dawo in ya mutu."

Ban yi mamaki ba, na saba da ofis.

Sai ga ni a wani fili. Na ɗaga kai, ashe duk ruwan ya taru a sama, ya zama tafkin garinsu, a kife. Hansatu tana ciki, ruwa iya gwiwa, kanta yana kallon ƙasa.

"Malam, miƙo shi mana," in ji ta.

Na jefa, ya dawo. Na sake, ya dawo. Komai a ƙasar nan hawa yake yi, ban da ni da furen. Zuciyata ta karye.

"To, yi kuka a kansa. Ai shi ma ruwa ne."

Na yi kuka iya kuka. Hawayen suka bar idona suka haura, ko ɗigo bai taɓa hular ba. Ta tara hannu ta wanke fuska da su, tana murmushi.

Ƙarar shebur ce ta tashe ni. Ana kwaɓa siminti a bayan ɗakina.