Ramin Yashin Ya Yi Mini Kaɗan

Shekarar da aka fara gasar wasannin matasa ta lardinmu ina aji uku a sakandare. Makarantu bakwai ne kacal suka shiga. Filin kwalejin horon malamai aka ara, aka ja layuka da farar ƙasa, wasu ma a karkace.

Ni don gudu aka kai ni. Amma muna sauka daga mota malamar wasanni ta kamo hannuna.

"Doguwa, mai yi mana dogon tsalle ta gurɗe ƙafa. Ke za ki yi."

"Malama, ban taɓa yi ba fa!"

"Kwatar bayan makaranta da kike tsallakewa kullum in kin makara fa? Ita ce wannan, wari ne kawai babu."

Mai gadin kwalejin ne ya haƙa ramin yashin da safiyar nan, da ƙiyasin ido, don babu wanda ya faɗa masa tsawonsa.

A karon farko na taka katakon iyaka, aka ɗaga jar tuta. A na biyu 'yan ajinmu suka hau kiran "Doguwa! Doguwa!" har na ji ƙafafuna sun daina neman izinina. Na kwaso da gudu, na tashi, na ga yashi yana wucewa a ƙarƙashina. Tim! Sai ga ni a kan tsandauri, can gaba da ramin.

Fili ya kaure da ihu. Alƙalai uku suka tsaya da igiyar awo suna gardama, wai babu sawu a yashi, me za a auna?

Mai gadi ya kutso da shebur a kafaɗa.

"Ranku ya daɗe, laifina ne, ba na yarinya ba. Ku ba ni minti goma."

Ya hau ƙara wa ramin tsawo, samarin wata makaranta ma suka kama masa ɗiban yashi. Da aka gama ya dube ni yana haki.

"'Yata, bismillah. Amma ki tausaya wa bayana."

A karo na uku na sauka cikin yashi, aka auna, na zo ta ɗaya. Malama ta rungume ni har usur ɗinta ya kuje mini haɓa.

Da la'asar na shiga gudun da na zo dominsa da gwiwa a kumbure saboda faɗuwar tsandaurin nan, na zo ta biyar. A mota babu wanda ya ko tuna da shi, waƙa muka yi ta yi har gida.